Jimmie Rodgers: Mai Birkin Jirgin Ƙasa Da Ya Zama Uban Mawaƙa

Duk wanda ya taɓa sauraron faifan Jim Reeves a shagon tela ko gidan shan shayi, to ya ji irin kiɗan nan na mutanen karkarar Amurka. Mutumin da Amurkawa ke kira uban wannan kiɗa, ma'aikacin reluwe ne, sunansa Jimmie Rodgers, kuma ciwo ne ya raba shi da aikinsa ya jefa shi cikin waƙa.

An haife shi ran 8 ga watan Satumba, 1897, ya tashi a yankin Meridian cikin jihar Misisifi. Ubansa helman leburori ne masu gyaran layin dogo. Uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, saboda haka ya yi ta zama hannun dangi. Bai yi nisa a makaranta ba aka ɗauke shi aikin kai wa leburori ruwan sha. Yawancinsu baƙar fata ne, suna aiki suna waƙa don guduma ta sauka tare. A bakinsu ya tsinci salon da ya tashe shi daga baya.

Da ya girma sai ya zama mai birki. Aiki ne na sayar da rai, gama a zamanin nan sai mutum ya hau saman taragu jirgi na gudu, ko ana ruwa ko ana sanyi. A 1920 ya auri Carrie Williamson, suka sami 'ya'ya mata biyu, amma ƙaramar ta rasu tana jaririya. A 1924, yana da shekara 27, likita ya shaida masa tarin fuka ya kama shi. Lokacin nan ciwon ba shi da magani. Ƙarfinsa ya ragu, aikin reluwe ya gagara, ga iyali a wuya. Abin da ya rage masa jitarsa ce da muryarsa.

Cikin 1927 ya ji labari wani wakilin kamfanin faifai na Victor, mai suna Ralph Peer, ya sauka garin Bristol a jihar Tennessee yana neman mawaƙan ƙauye. Ran 4 ga watan Agusta Jimmie ya yi masa waƙa biyu, aka ba shi dala 100. Bai tsaya jiran a sake kiransa ba, ya bi Peer har arewa. A watan Nuwamba, a garin Camden, ya yi waƙar da ake kira Blue Yodel, wadda a cikinta yake karya murya, ta yi sama kamar guɗa sa'an nan ta sauko. Faifan ya shiga kasuwa kamar wutar daji.

Abin da ya sa talakawa suka rungume shi, zancensu yake yi: mutumin da ba shi da kuɗin jirgi, ɗan kurkuku, wanda mata ta guje shi, mai yawon neman aiki. Har ciwonsa ya yi wa waƙa bai ɓoye ba. 'Yar'uwar matarsa, Elsie McWilliams, ta taimake shi tsara da yawa daga ciki. A 1930 ya yi faifai tare da Louis Armstrong, baƙar fata mai busa ƙaho, abin da ba a saba gani ba a zamanin wariyar launin fata.

Kuɗi sun zo, ya gina babban gida a Kerrville ta jihar Texas, ga shi da sakin hannu. Amma tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, cinikin faifai ya faɗi, kuɗin magani ya yi yawa, har ya rabu da gidan.

A watan Mayu na 1933 ya san kwana ya ƙare. Duk da haka ya tafi New York tare da mai jinya, don ya bar wa matarsa da 'yarsa abin da za su ci. Aka ajiye masa gado a ɗakin ɗaukar murya, in ya gama waƙa ɗaya ya kwanta ya huta, sa'an nan ya tashi ya yi wata. Haka ya yi waƙa 12. Kwana biyu da gamawa, ran 26 ga watan, ya rasu a masaukinsa yana da shekara 35. Jirgin ƙasa ne ya mai da gawarsa Meridian.

Shekara shida kacal ya yi yana faifai, ya bar waƙa fiye da 100. Muryarsa ta kai har Kenya, inda a 1950 aka ɗauki waƙar 'yan ƙabilar Kipsigis mai suna Chemirocha, wato sunansa ne a bakinsu. A 1961 da aka fara karrama manyan mawaƙan irin wannan kiɗa a Nashville, yana cikin mutum uku na farko.