Tom Morris, ɗan masaƙi sarkin fili

A arewacin tsibirin Birtaniya akwai wata ƙasa mai sanyi da yawan ruwan sama. Sunanta Sikotlan, da faransanci kuma ana ce mata Ekos. A gabashin ƙasar, bakin teku, akwai wani ƙaramin gari mai suna St Andrews. A nan aka haifi Tom Morris ran 16 ga watan Yuni na shekara ta 1821. Ubansa masaƙi ne.

Mutanen garin suna da wani wasa da suka gada tun kaka da kakanni, shi ne wasan golf. Ana yin shi a babban fili mai ciyawa. Mai wasa yakan riƙe sanda mai tanƙwararren kai, ya yi ta bugun wata ƴar ƙwallo wadda ba ta kai ƙwan kaza girma ba, har ta faɗa cikin ɗan rami. Daga wannan rami sai ya nufi na gaba. Wanda ya gama ramukan duka da bugu mafi ƙaranci, shi ne ya ci.

Tom ya tashi da son wannan wasa, amma ƙwallo tana da tsada. Shi da abokansa sai su samo toshiyar kwalba, su kafa mata ƙusa don ta yi nauyi, su yi ta bugunta cikin titunan gari.

Da ya kai shekara 14, aka kai shi koyon sana'a wajen Allan Robertson, wanda ya fi kowa iya golf a zamanin. Sana'ar Allan ita ce ɗinkin ƙwallo. Ana ɗinka ƴar jaka ta fata, a dafa gashin tsuntsu mai yawa, a cusa shi ciki da ƙarfi, a ɗinke bakin. Idan ta bushe sai ta yi tauri. Aikin yana da wuya ƙwarai. Ko gwani ba ya wuce ƙwallo uku ko huɗu a yini. Tom ya koyi ɗinkin, ya kuma koyi wasan. Idan shi da maigidansa suka haɗa kai a fili, da wuya a samu masu kayar da su.

A 1848 wata sabuwar ƙwallo ta shigo. Da danƙon wani itace na ƙasar Maleziya ake yin ta. Tana da araha, kuma ruwa ba ya ɓata ta. Allan ya ga abincinsa zai ƙare, sai ya ƙi ta. Wata rana ya tarar da Tom yana wasa da ita. Ya fusata, ya kore shi daga aiki. Ga Tom da mata, ga shi ba wurin maigida. Amma bai koma baya ba. Ya gane cewa ƙwallo mai araha za ta jawo mutane da yawa cikin wasan.

A 1851 ya ɗauki iyalinsa ya ƙaura zuwa Prestwick, a yammacin ƙasar. Can aka ba shi aikin lura da filin golf. Shi ya tsara filin da kansa, mai rami 12.

Allan ya rasu a 1859. Mutane suka shiga tambayar wanda ya gaje shi a gwaninta. Don a raba gardama, aka shirya gasa a Prestwick a 1860. Mutum 8 suka shiga, suka zagaya filin sau 3. Willie Park ya zo na ɗaya da bugu 174, Tom ya zo na biyu da bugu 176. Wannan gasa ita ce ake kira Open, kuma har yau ana yin ta. Tom bai karaya ba. Ya ci gasar a 1861, da 1862, da 1864, da 1867. A 1862 ya ba na biyu ratar bugu 13. A 1867 kuwa yana da shekara 46. Har yanzu ba a samu wanda ya ci Open yana da shekaru fiye da haka ba.

Bayan ya yi shekara fiye da goma a Prestwick, mutanen St Andrews suka kira shi gida. Suka ba shi riƙon tsohon filinsu, da albashin fam 50 a shekara. Filin ya lalace, ƙaya ta cinye shi. Tom ya sare ƙayar, ya faɗaɗa hanyoyi, ya gyara kewayen ramuka. Ya lura cewa idan aka barbaɗa yashi bisa ciyawa, takan fito da laushi da kyau. Masu lura da filayen golf na duniya suna bin wannan dabara har gobe. Ana kuma kiransa garuruwa da dama, har tsibirin Ailan, don ya tsara masu filaye.

Tom yana da ɗa wanda aka haifa a 1851. Shi ma sunansa Tom. Don a bambanta su, sai ake ce ma uban Tsoho Tom, ɗan kuma Tom Ƙarami. Yaron ya tashi cikin fili, sanda a hannu. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya: a 1868, yana da shekara 17, ya ci Open. Wanda ya zo na biyu kuwa ubansa ne. Ya sake ci a 1869 da 1870.

Kyautar gasar wata ɗamara ce ta jar fata mai adon azurfa. Doka ta ce wanda ya ci sau uku a jere, ɗamara ta zama tasa. Tom Ƙarami ya tafi da ita gida. A 1871 ba a yi gasa ba, don babu abin da za a ba gwani. Da aka koma a 1872, shi ya sake ci. Sunansa ne na farko da aka rubuta jikin butar azurfa wadda ta maye gurbin ɗamarar.

A watan Satumba na 1875, uba da ɗa suka tafi North Berwick don karawa da Willie Park da ƙanensa Mungo. Suna can sai saƙo ya zo ta wayar tangaraho: matar Tom Ƙarami tana naƙuda, kuma ta sha wuya. Suka shiga jirgin ruwa suka nufi gida, amma ba su same ta da rai ba. Ita da jaririn duk sun rasu. Bayan wata uku da ƴan kwanaki, ran 25 ga Disamba, Tom Ƙarami ya mutu da ciwon huhu. Shekararsa 24.

A shekarar da ta biyo, matar Tsoho Tom ita ma ta rasu. Sauran ƴaƴansa suka bi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai. Duk da haka bai ajiye aikinsa ba. Ya ci gaba da kula da filin, yana ƙera sanduna a shagonsa, yana karɓar baƙi da fara'a. Ya yi ta shiga Open har 1896, yana da shekara fiye da 70.

Ran 24 ga watan Mayu na 1908, ya faɗo daga matakala ya rasu, yana da shekara 86. Aka binne shi a maƙabartar da ɗansa ke kwance. Ramin ƙarshe na tsohon filin St Andrews, rami na 18, sunan Tom Morris aka sa masa. Duk gwanin da ya ci Open a wannan gari, a wannan rami yake gama wasansa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Tom Morris? Mene ne aikin ubansa?
2. Yaya ake yin ƙwallon fata?
3. Don me Allan ya kori Tom? Kuna ganin ya yi daidai?
4. Me ya sa ba a yi gasa a 1871 ba?
5. Tsoho Tom ya ci Open sau nawa? Ɗansa fa?
6. Me Tsoho Tom ya yi bayan rasuwar iyalinsa?