Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ɓata a Tenere ya dawo da tseren Paris-Dakar

Ɗan kabu-kabun da babur ɗinsa ya mace a cikin rairayi tsakanin Malbaza da Illela ya san wahala, amma ya san kuma in ya tura shi na ɗan lokaci zai iske ƙauye, ko rijiya, ko mai amalanke. A arewacin Dirku babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Can ne wani Bafaranshe ɗan shekara 27 ya ɓata shi kaɗai da babur a watan Janairun 1977, kuma daga wannan ɓatan aka samu tseren motoci da babura da ya fi kowane suna a duniya, wanda ya yi shekaru yana ratsa Nijar.

An haifi Thierry Sabine ranar 13 ga Yunin 1949 a Neuilly-sur-Seine, unguwar masu hali da ke gefen birnin Paris. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai sha'awar tseren mota. Ɗan ya gaji sha'awar, ya kuma karanci harkar talla da hulɗa da ƴan jarida. Wannan karatun ya fi tuƙinsa tasiri a rayuwarsa, don a matsayin matuƙi bai yi wani fice ba. Baiwarsa ita ce ya tara mutane, ya sa su biya kuɗi su sha wuya, sannan ya sa duniya ta kalle su. A 1975 ya shirya tseren babura a kan rairayin bakin teku a garin Le Touquet da ke arewacin Faransa, tseren da har yau ake yi kowace shekara.

A farkon 1977 ya shiga tseren da ke tashi daga Abijan ya nufi birnin Nice na Faransa, a kan babur ƙirar Yamaha XT 500, mai silinda ɗaya, wanda da ƙafa ake tayar da shi. Bayan Dirku, a zangon da ke zuwa Madama, ya saki hanya ya faɗa yankin duwatsun Tchigaï, wajen iyakar Nijar da Libiya. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, na'urarsa ta nuna gabas da yamma ta fashe a wata faɗuwa da ya yi, ruwansa ya ƙare, har ya koma tsotson tsakuwa don yawu ya taru a bakinsa. Ya jera duwatsu a ƙasa yadda za a iya hango su daga sama. Wannan alamar ce wani matuƙin ƙaramin jirgi mai suna Jean-Michel Siné ya hango, lokacin da aka fara fidda rai da shi.

Wani da ya tsira daga irin wannan sai ya yi sallama da hamada har abada. Shi kuwa ya koma Faransa da niyyar ya kawo wasu su ɗanɗana abin da ya ɗanɗana.

Ranar 26 ga Disambar 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro na Paris: babura 90, ƙananan motoci 80, manyan motoci 12. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset, suka shigo Nijar ta Asamaka, suka bi Arlit da Agadas da jihar Tawa zuwa Yamai, daga nan Gao da Bamako, tafiyar kilomita wajen 10,000. A lokacin ba a gama shimfiɗa kwaltar hanyar uraniyom da ta haɗa Tawa da Arlit ba. Yawancin mahayan ba ƙwararru ba ne, mutane ne da suka tara ƴan kuɗinsu suka ɗaura jarkar mai da buhun barci a bayan babur. Guda 74 kawai suka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979, kuma wanda ya zo na ɗaya yaro ne ɗan shekara 22, Cyril Neveu, a kan irin babur ɗin da Sabine ya ɓata da shi. Tun a wannan karon na farko aka yi rashi: wani mahayi ya faɗi a kusa da Agadas, ya mutu sanadiyyar raunin da ya ji a ka.

Daga nan abin ya yi ta girma. Kamfanonin ƙera motoci da babura suka shigo da kuɗi da makanikai da jiragen dakon kaya. A 1982 ɗan firaministar Birtaniya, Mark Thatcher, ya ɓata kwana shida a kudancin Aljeriya, jaridun duniya suka yi ta yayatawa, tseren ya samu tallar da ko nawa ba za su saya masa ba. Sabine ya fahimci darasin. Shekarar da ta biyo, 1983, ya sa ayarin ya tsallaka Tenere a karon farko. Guguwar rairayi ta taso, mutum kusan 40 suka ɓace. Ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu yana tsinto su, har aka same su duka da rai. Hotonsa na wancan lokaci, da gemu da fararen kaya, yana sauka daga sama wurin mai ƙishirwa, shi ya zauna a zukatan Faransawa. Ba kowa ke tuna cewa shi ɗin ne ya zana hanyar da suka ɓata a cikinta ba.

Ga Agadas, zuwan tseren kasuwa ce ta shekara. Masu masauki, makanikai, masu sayar da mai, maƙeran azurfa da ƴan jagora duk suna samun rabonsu, kuma hotunan Ayar da Tenere da gidajen talabijin na Turai suka riƙa nunawa sun jawo ƴan yawon buɗe ido cikin shekarun 1980. Babban abokin aikinsa a can shi ne Mano Dayak, wanda ke da kamfanin yawon buɗe ido a Agadas kuma ya san hanyoyin hamada. Wannan kuwa wani abu ne da labaran Turai suka cika tsallakewa: wurin da suke kira ƙasar da ba kowa, ayarin raƙuman gishiri ya yi ƙarnuka yana ratsa shi zuwa Fashi da Bilma, yana bin taurari, kuma in tafiya ta rikice jikokin waɗannan madugai ake nema.

Sai dai akwai ɗayan gefen, wanda mutanen Ƙonni da Adar da suka manyanta ba sa buƙatar a tuna musu. Shekarun da tseren ya fi haskawa su ne shekarun fari na 1984 da 1985, yunwar da aka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar da gwamnatin Najeriya ta yi a watan Afrilun 1984. Dabbobi sun mutu, hatsi ya yi tsada, ƙauyuka sun watse. A cikin wannan hali motocin da kuɗin guda ɗaya zai ciyar da gari suke wucewa da gudu, suna tada ƙura a kan mutanen da ke neman tiya ɗaya ta gero. Kuma gudun ya ci rayuka a gefen hanya: tun yana raye da bayan mutuwarsa an kaɗe mazauna ƙauyuka, har da yara, kamar yarinya ƴar shekara 10 da aka take a Kita ta ƙasar Mali a 1988. Sunayen mahayan da suka mutu suna rubuce a littattafan tseren, na ƴan ƙauye kuwa da wuya a ambace su.

Sukar ta kai kunnensa, kuma a iya cewa ta taɓa shi. A tseren 1986 aka haɗa da wani shiri na kai famfunan ruwa ƙauyukan Sahel, wanda mawaƙin Faransa Daniel Balavoine ya zo musamman dominsa. Ko tausayi ne ko gyaran suna, mai yiwuwa duka biyun ne, famfunan dai an kafa su.

Ranar 14 ga Janairun 1986, shekara bakwai cif da isar tseren farko Dakar, Sabine da Balavoine suka buɗe wasan ƙwallon ƙafa a Gao, suka makara. Suka tashi da jirgi mai saukar ungulu zuwa Gourma-Rharous inda ayarin zai kwana. Iska ta taso da rairayi, duhu ya shiga, jirgin kuma ba na tafiyar dare ba ne. Suka sauka a daji, sannan suka sake tashi. Saura ƴan kilomita su isa, jirgin ya daki ƙasa ya tarwatse. Mutum biyar ɗin da ke ciki duk suka mutu: Sabine, Balavoine, ƴar jarida Nathalie Odent, matuƙi François-Xavier Bagnoud da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Sabine yana da shekara 36. Ba a dakatar da tseren ba, kuma Cyril Neveu ne ya sake lashe ɓangaren babura.

Mahaifinsa ya karɓi ragamar, daga baya kamfanin da ke shirya tseren kekuna na Tour de France ya saye ta. Amma hamadar ta fara rufewa. Rikicin Cintabaraden na Mayun 1990 ya buɗe ƙofar tawaye a arewa, Mano Dayak ya zama ɗaya daga cikin jagororinsa, shi ma ya mutu a haɗarin jirgi a Disambar 1995. Sunansa filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da shi. A shekarar 2000, da ayarin ya iso Yamai, sai aka kwashe shi da manyan jirage zuwa Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya bayan kashe wasu Faransawa huɗu a Muritaniya. Ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020, yana nan da sunan Dakar ko da yake ya daina zuwa can.

Shi kuwa Sabine a Nijar ya tsaya. An ƙona gawarsa bisa al'adar wasu mutanen ƙasarsu, aka watsa tokar a gindin wani itacen ƙaya da ke tsaye shi kaɗai a arewacin Tenere, tsakanin Iferwan da Shirfa. Ba shi ne shahararren itacen Tenere da mota ta kayar a 1973 ba, wanda gangar jikinsa ke gidan tarihi na Yamai. Wannan wani ne daban, kuma yau taswirori da sunan Thierry Sabine suke nuna shi. Ƴan yawon buɗe ido sun yi ƙaranci a wajen. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, masu ratsa wannan hamada yawanci samari ne ƴan Nijar da maƙwabta da ke neman abin kai wa gida, kuma in ɗayansu ya saki hanya, ba a cika samun jirgin da zai tashi nemansa ba.