Alhaji Alhassan Ɗantata da Asalin Sunansa

A wannan mako mun kawo muku tarihin attajirin Kano, Alhaji Alhassan Ɗantata, da yadda aka yi sunan gidansu ya samo asali.

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne daga cikin Agalawa. Yana ɗan yaro mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana yin kasuwanci. Sai ta bar shi a hannun wata tsohuwa baiwa mai suna Tata. Ita ta raine shi, shi ya sa mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Daga nan sunan ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa.

Alhassan ya yi karatun allo, sannan ya shiga fatauci. A lokacin yaƙin basasar Kano da aka fara a 1893 an kama shi, daga baya ya samu kansa. Bai karaya ba. Ya riƙa sayo goro daga Gwanja, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa gyaɗa daga manoman ƙauyuka. Buhunan ne ake jerawa har su zama dalar gyaɗa. Ana ba da labarin cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa banki a kan raƙuma 20. Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955, lokacin ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Cikin 'ya'yansa akwai Sanusi da Aminu, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, Tata ba ta da sarauta ko dukiya, amma sunanta ne ya shiga duniya saboda amanar da ta riƙe.

Kowane suna da labarinsa. A Ingila sunan Smith asalinsa maƙeri ne. Mu ma tarihi ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga nan Gaya ya je Dutsen Dala neman tama, birnin ya ci sunansa. Yawancinmu muna rubuta Gaya ko Ajingi a ƙarshen sunanmu, amma mu nawa ne za su iya faɗin sunan kakan kakansu?

Don haka mu je wajen kakanninmu tun suna raye, mu tambaye su, mu rubuta a littafi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.