Fritz Schaudinn (1871–1906)

An haifi Fritz Schaudinn, Bajamushe masanin ƙananan halittu, a shekarar 1871. A 1903 ne ya bambance amiba mai lalata hanji ta haddasa atini, wadda ya raɗa wa suna Entamoeba histolytica, da 'yar'uwarta marar cutarwa. Kafin nan akan ɗauke su abu guda. Ana kyautata zaton da gangan ya haɗiyi ƙwayoyin domin gwaji, kuma ƙurjin da suka haifar masa a ciki shi ya yi ajalinsa a birnin Hambug a 1906, yana ɗan shekara 34. A 2005 aka wallafa kundin halittar wannan amiba. Shi masana ke bincikawa da kwamfuta don gano gurbin da magani zai kama, har da ƙofofin da sinadarai ke ratsawa a fatarta.