Shehu Ahmad Baba na Tambutu: Malamin da Sarƙa Ba Ta Raba Shi da Alƙalami Ba

Duk wanda ya leƙa tarihin malaman ƙasar Sudan ta Yamma ba zai rasa cin karo da sunan Shehu Ahmad Baba ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna yadda wannan bawan Allah ya riƙe tawakkali a lokacin da duniya ta juya masa baya.

An haife shi a shekarar 1556 cikin zuriyar Aƙit, wato gidan malamai da alƙalai na birnin Tambutu, zamanin daular Songhai. Ya fara karatu wurin mahaifinsa, sa'an nan ya lizimci Shehu Muhammad Baghayogho, wanda ya karantar da shi fiƙihun Malikiyya da hadisi da nahawu. Tun yana da sauran ƙuruciya ya soma wallafa littattafai, ya kuma tara littattafan karatu har guda 1,600.

Ana cikin wannan zaman lafiya sai ƙaddara ta gitta. Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya kwaɗaitu da zinariya da gishirin ƙasar, ya turo runduna mai bindigogi ƙarƙashin Judar Basha. A shekarar 1591 aka gwabza a Tondibi, kusa da Gao, aka karya mayaƙan Songhai, daga nan kuma baƙi suka mamaye Tambutu. Malaman garin ba su yi na'am da wannan mamaya ba, domin a ganinsu Musulmi ne ya afka wa ɗan'uwansa ba da hakki ba. Saboda haka a 1593 aka kama su, aka washe gidajensu. A 1594 aka tasa ƙeyarsu cikin sarƙa, aka ratsa Sahara da su zuwa Marakish. A hanya Shehu ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Littattafansa kuwa duk sun salwanta.

To, a nan ne halin mutum kan fito fili. Ga shi an raba shi da gida da dukiya da 'yanci, amma bai yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ba, bai kuma sayar da gaskiya don ya sami sassauci ba. Masana tarihi sun ruwaito cewa da aka kai shi gaban Sarki, ya tarar yana magana ta bayan labule, sai ya ƙi amincewa da haka, ya nuna masa cewa wannan ba sifar ɗan Adam ba ce. Da aka yaye labulen, sai ya tuhume shi da zaluntar bayin Allah waɗanda ba su yi masa laifin komai ba. Wanda ya sakankance cewa rai da arziki a hannun Allah suke, shi ne kaɗai zai iya irin wannan magana a fada.

Bayan kimanin shekara biyu a tsare, an sake shi a 1596, amma bisa sharaɗin kada ya bar Marakish. Maimakon ya zauna yana ƙorafi, sai ya shimfiɗa buzu a Masallacin Sharifai ya ci gaba da karantarwa. Ɗalibai suka yi ta tururuwa, har da alƙalai da manyan malaman birnin, ana kuma aiko masa da tambayoyi yana ba da fatawa. A can ne ya kammala Nail al-Ibtihaj, littafin da ya tattara tarihin malaman Malikiyya, wanda manazarta ke dogaro da shi har yau. Ashe garin da aka kai shi don a dushe haskensa, nan ne Allah Ya nufa sunansa zai ɗaukaka.

Al-Mansur ya rasu a 1603. Daga baya ɗansa Zaidan ya ba Shehu izinin tafiya, ya isa Tambutu a 1608, bayan shekara 14 yana baƙunci. Wajen 1615 ya rubuta Mi'raj al-Su'ud don amsa tambayar mutanen Tuwat game da bayi. A ciki ya bayyana cewa baƙar fata ba ta halatta a bautar da mutum, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a kama mutanensu a sayar ba. Wanda ya ɗanɗani ɗacin sarƙa, ya fi kowa sanin darajar 'yanci.

Shehu ya rasu a 1627. A yau akwai cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce a Tambutu mai ɗauke da sunansa, alhali daular da ta ɗaure shi ta daɗe da shuɗewa. Darasin da ke nan gare mu ɗalibai shi ne, tawakkali ba naɗe hannu ba ne. Shi ne mutum ya miƙa lamarinsa ga Allah, ya tsaya a kan gaskiya, ya kuma ci gaba da aikin da ya wajaba a kansa a duk inda ƙaddara ta ajiye shi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.