Tarihin Alfred Hitchcock: Ɗan Mai Kayan Miya Da Ya Saro Dabarar Tsoratarwa Daga Jamus

A yau filinmu na tarihin shahararrun mutane ya leƙa sana'ar shirya fim, kuma wanda muka ɗauko shi ne Alfred Hitchcock, Baturen Ingila wanda har gobe idan ana zancen finafinan da ke sa gaban mutum faɗuwa, sunansa ake fara ambata. Abin da ya sa muka ga ya dace da masu karatunmu na kasuwannin Bimbilla da Salaga da Yendi da Bawku shi ne, mutumin nan ɗan ɗan kasuwa ne, kuma hajar da ta fi kawo masa riba a rayuwarsa daga Jamus ya saro ta, a lokacin da Jamus ɗin ke fama da talauci.

An haife shi ranar 13 ga Agusta, 1899, a unguwar Leytonstone da ke gabashin Landan. Mahaifinsa William yana da kanti inda yake sayar da kayan miya da kaji. Masu bin tarihi za su lura cewa a wannan shekarar ce Ingila da Jamus suka raba yankin nan namu a tsakaninsu, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Bimbilla kuma hannun Jamus, shekara 3 bayan yaƙin Adibo. Shi dai yaron ya tashi cikin tsananin tarbiyya ta ɗariƙar Katolika. Ya sha ba da labarin cewa yana ɗan shekara 5 mahaifinsa ya aike shi ofishin 'yan sanda da wata takarda, aka kulle shi na 'yan mintoci don a tsorata shi. Tsoron ɗan sanda bai sake shi ba har tsufansa, kuma shi ya sa finafinansa da yawa suke kan mutumin da ake farauta bisa laifin da bai aikata ba.

Mahaifin ya mutu a 1914, shekarar da Jamus ta rasa Togo. Hitchcock ya kama aiki a kamfanin wayoyin lantarki na Henley, yana zana tallace-tallace, daga nan ya koma wani kamfanin fim a Islington. A wancan zamani fim ba ya magana, sai dai a rubuta abin da ɗan wasa ya faɗa a kan allo a nuna wa 'yan kallo. Rubuta waɗannan allunan shi ne aikinsa na farko.

To, a 1924 ne aka tura shi Berlin ya yi mataimakin darakta a wani fim mai suna The Blackguard, a sansanin kamfanin UFA da ke Babelsberg. Ya kamata mai karatu ya san irin Jamus ɗin da ya tarar. An ci ta da yaƙi a 1918, an raba ta da ƙasashen da ta mallaka, an ɗora mata diyya mai nauyi. Kuɗinta ya lalace har ta kai a watan Nuwamba na 1923 sai an tara maki sama da tiriliyan 4 kafin a sayi dala ɗaya. Mu da muka ɗauki tsohon sidi a buhu kafin a yanke masa sifiri huɗu a 2007, mun san ɗan ƙaramin misalin wannan hali. Amma faɗuwar kuɗin ta yi wa masu fim rana ta wani ɓangare, domin suna biyan ma'aikata da kuɗin da ba shi da daraja, su sayar da fim ɗin a waje da kuɗi mai ƙarfi.

A cikin wannan ƙunci ne masu fim na Jamus suka rungumi wani salo da ake kira Ekspireshonizim, wato fito da abin da ke cikin zuciya a fili. Maimakon a nuna ɗaki yadda yake, sai a nuna shi yadda mai tsoro ko mai taɓin hankali yake ganinsa: bango a karkace, taga a jirkice, matakala tana hawa cikin duhu, inuwar mutum ta fi shi girma. A fim ɗin Caligari na 1920, wanda Robert Wiene ya shirya, da fenti aka zana inuwar a jikin bango da ƙasa. A Nosferatu na 1922 kuwa, darakta F. W. Murnau ya nuna inuwar dodo kawai tana hawan bene da zara-zaran farata, kuma hakan ya fi ganin dodon kansa tayar da tsikar jiki. Duk wanda ya taɓa kwana a rumfa da aci-bal-bal ya ga yadda buhun masara ke zama ƙato a jikin zana, ya gane abin da Jamusawan nan suka gano.

Hitchcock ya yi sa'a, domin a daidai lokacin Murnau yana ɗaukar wani fim a wannan sansanin, labarin wani tsohon mai gadin ƙofar otal da aka tuɓe wa kayan sarki aka mayar da shi mai kula da bayi. Kusan babu allon rubutu a fim ɗin gaba ɗaya, hoto ne kawai ke ba da labari, kyamara tana yawo kamar idon mutum. Saurayin da sana'arsa ta farko rubuta allo ce ya tsaya yana kallon yadda ake fim ba tare da allo ba. Finafinansa biyu na farko a matsayin darakta ma a Munik ya shirya su.

Da ya koma gida sai ya gwada abin da ya koyo a The Lodger, wanda ya fito a 1927. Labarin wani baƙo ne da ya kama hayar ɗaki a bene a lokacin da ake kashe mata a Landan, masu gida suka fara zarginsa. Da yake babu sauti, sai Hitchcock ya sa aka yi daɓen gilashi, aka ɗauki tafin takalman baƙon daga ƙasa yana kai da komo, fitilar da ke rataye tana lilo, har mai kallo ya ji kamar yana jin takunsa. Dillalin da zai raba fim ɗin ga gidajen silima ya ce wannan haja ba za ta shiga kasuwa ba, aka jingine shi. Sai da aka rage allunan rubutu aka yi 'yan gyare-gyare sannan aka sake shi, ya kuwa karɓu. Ya auri Alma Reville a watan Disamba na 1926, ƙwararriya ce wajen tace fim, kuma ba ya yanke hukunci kan aiki sai ta gani.

Ya koma Amurka a 1939, ya yi finafinai da dama masu launi da manyan taurari. Amma inda muke so mai karatu ya tsaya shi ne 1960, lokacin da ya shirya Psycho yana da shekara 60. Ya sayi haƙƙin littafin Robert Bloch a ɓoye da kuɗin da bai kai dala 10,000 ba. Kamfanin Paramount ya ƙi zuba jari, yana ganin labarin ƙazanta ne. Hitchcock ya ce zai yi da kuɗinsa, ya yafe ladansa na darakta, a ba shi kashi 60 cikin 100 na mallakar fim ɗin. Ya ɗebo ma'aikatan shirinsa na talabijin masu sauƙin kuɗi, ya ɗauke shi fari da baƙi, ya kashe kimanin dala 800,000. Da fim ɗin ya faɗi, da jarinsa da sunansa duk sun tafi tare.

Labarin kansa ya fara ne da cin amana irin wadda kowane mai shago ke tsoro. Wata sakatariya ce maigidanta ya ba ta dala 40,000 ta kai banki, ta gudu da su. Dare ya yi mata a hanya ana ruwa, ta sauka a wani masauki da babu kowa sai saurayin da ke kula da shi. Daga nan darasin Babelsberg ya dawo. Wani tsohon gida a kan tudu ya yi baƙi ƙirin a bayan masaukin, inuwar wata tsohuwa a taga, gawarwakin tsuntsaye da aka cusa wa auduga a bango suna leƙen baƙuwar, rabin fuskar saurayin a haske rabi a duhu, alamar mutum biyu ne a jiki ɗaya. A ƙarshe kuma ƙwan lantarki ɗaya ne ke lilo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inuwa tana shiga tana fita a ramin idon gawa. Wurin kisan da ya fi shahara bai kai minti ɗaya ba a allo, amma an kwashe kusan mako ana ɗaukarsa, kuma jinin da ake gani ruwan cakulan ne. A ganinmu, da an yi shi da launi da ya zama fim ɗin mahauta kawai.

Wajen talla ma ya nuna jinin kasuwa. Ya kafa sharaɗi cewa ba a barin kowa ya shiga silima bayan an fara, ko wane ne shi. Masu gidajen silima suka yi ƙorafi za su yi asara, sai ga layi har kan titi. An ƙiyasta abin da ya shiga aljihunsa ya haura dala miliyan 15.

Ba za mu ɓoye cewa mutumin yana da tabo ba. Tippi Hedren, wadda ta fito a The Birds na 1963, ta zarge shi a littafinta na 2016 da neman ta da lalata da kuma daƙile mata sana'a da ta ƙi. Sau 5 ana sa sunansa a takarar gwarzon darakta ta Oscar, bai taɓa ci ba. Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir 'yan watanni kafin ya mutu a Los Angeles ranar 29 ga Afrilu, 1980, bayan ya shirya finafinai sama da 50. Guda ɗaya daga cikin biyun da ya yi a Munik, The Mountain Eagle, ya ɓace, kuma a 2010 cibiyar adana finafinai ta Birtaniya ta sa shi a sahun gaba na finafinan da take cigiya.