Malam Aminu Kano Da Jam'iyyunsa

'Yan'uwana ɗalibai, na zaɓi in ba ku tarihin Malam Aminu Kano domin shi ma malamin makaranta ne kamar yadda muke fatan zama. Akwai titi mai sunansa a Wuse, amma kaɗan ne cikin mu mutanen Nyanya da ke bin sa suka san labarin mai sunan.

An haife shi a Kano cikin 1920. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna sai ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya yi abota da Malam Sa'adu Zungur. Ya ƙaro ilmi a Ingila, sa'an nan aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. Cikin 1950 ya ajiye alli, ya shiga NEPU, wadda waɗansu samari suka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara, don ƙwato wa talakawa haƙƙinsu daga hannun En'e.

Ƙaramar jam'iyya ce, ba kuɗi, ga ɗauri ga bulala. Dole ta nemi abokai. Ta haɗa kai da NCNC ta Dokta Azikiwe, abin da ya ba NPC damar ce mata 'yar koren Kudu. Duk da haka Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas cikin 1959. Gab da zaɓen 1964 ta ƙulla da UMBC ta Joseph Tarka, amma ya faɗi. Soja suka rushe jam'iyyu duka cikin 1966.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne PRP, wadda ya kafa cikin 1978. A zaɓen 1979 ta ci jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Wato abin da NEPU ta yi shekaru tana nema ya samu, sai kuma gida ya tsage. Gwamnonin nan biyu suka riƙa zama da gwamnonin waɗansu jam'iyyun adawa, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi. Aka sami 'yan Santsi wajen gwamnoni, 'yan Taɓo wajen Malam. A ganina kowane ɓangare yana da hujja, amma NPN ce ta ci riba: cikin 1981 'yan majalisarta suka tsige Balarabe Musa, Rimi kuwa daga baya ya koma NPP.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe. Aka binne shi a gidansa na Mumbayya. Bayan wata huɗu Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano da tutar PRP, ya kada Rimi.